Zuriyar Wule: Jinjina ga Malam Bappayo, Arɗon Ɓeraye

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Dilimi ya san Malam Bappayo, ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijo ne siriri mai malafa, yana tafe da sanda a gicciye bisa kafaɗu, hannayensa biyu a rataye a kanta. Da gari ya waye zai sha kunun da matarsa Kulu ta dama, ya kama hanyar Titin Bauchi da ƙafa. Motocin haya su yi ta rage gudu kusa da shi, bai taɓa ɗaga wa ko ɗaya hannu ba. Baƙo in ya gan shi sai ya waiwaya yana neman shanun da ke biye da shi, amma babu shanu. Shekara goma sha uku yana wannan tafiya, kuma garken da yake zuwa wurinsa, in an haɗa shi gaba ɗaya a kan sikeli, bai kai nauyin ɗan maraƙi guda ba.

Ɓeraye yake kiwo. A wani ɗan gidan bincike da ke gefen titin, bayan shingen ƙyarana, akwai ɗaki mai dogayen kantoci cike da kejuna, kuma wannan ɗakin nasa ne. In ya iso sai ya jingine sanda, ya wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru. Yakan ce kafin ido ya duba dabba, kunne ya riga ya ji yadda ta kwana. Daga nan ya shiga yana wani ɗan fito a hankali, irin wanda ake yi wa shanu in za a tashe su. Ya sauya garin katakon da suke kwana a kai, ya wanke kwalaben ruwa, ya zuba abinci, ya ɗaga kowace uwa ya duba cikinta. Kafin sauran ma'aikata su iso ya san wadda ta haihu, da wadda ta ƙi cin abinci, da wanda aka ciza a wutsiya.

Mu mutanen unguwa ba mu bar shi ya huta ba. Mu muka naɗa shi Arɗon Ɓeraye, sunan kuma ya bi shi. Mai shayin bakin hanya kullum sai ya ce, "Arɗo, yaushe za a kawo mana nono?" Shi kuma ba ya ko rage tafiya zai amsa, "Ka aiko da ƙwarya, sai dai a nemo ƙarama."

A ƙarshen watan jiya, wato Yunin bana na 1979, Malam Bappayo ya ajiye aiki. Ba a buga a jarida ba, ba a faɗa a rediyo ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakin mutum uku: Dakta Chinyelu wadda ya yi wa aiki, da Suzana abokiyar aikinsa, da Kulu. Shi kansa in ka tambaye shi, sai ya yi ta tambayarka lafiyar iyali har ka manta abin da ya kawo ka.

Ba da ɓeraye ya fara ba. A ruga aka haife shi, can bayan Bukuru, kuma ranar sunansa mahaifinsa ya ba shi 'yar maraƙa, ja mai farin goshi, a cikin garken da kusan dukkansa farare ne. Wule ake ce mata. Uwarta ma Wule ce, kakarta ma Wule, domin a gidansu suna yana bin uwa, duk 'ya mace da ta fito daga wannan tsatso ita ke gadon sunan. Bappayo ya tashi yana iya jero iyayen Wule har takwas ba tare da ya ja numfashi ba, ya faɗi wadda ta yi tagwaye, da wadda kura ta taɓa, da wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai kakarsa. Da ya mallaki hankalinsa zuriyar ta kai goma sha wani abu a cikin shanunsa.

Ciwon huhu ya shiga garken a damina ɗaya ya share shi. Saura ɗaya ta tsira, Wule ce, da cikin wata bakwai. Ya ce ko ita kaɗai ta isa, daga ita za a sake tashi. Ana nan wata rana ya kai ta shan ruwa a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, gaɓar ta zabtare a ƙarƙashinta. Yana tsaye da igiya a hannu ta nutse. Kulu ta ce da ya dawo bai yi kuka ba, bai kuma ba da labari ba, ya rataye igiyar ya zauna. Fulako ya hana shi nuna komai, amma ta ce daga ranar bai sake ambaton sunan ba har shekara shida. Bayan wata biyu suka kwaso 'yan kayansu suka shigo gari, wani ya yi masa hanya ya sami aikin kula da zomaye a gidan binciken.

A 1971 Dakta Chinyelu ta zo. Haifaffiyar Bukuru ce, mahaifinta maƙerin kwano ne a can, rikici ya fitar da su, bayan yaƙin basasa ta dawo ita kaɗai da takardar likita da Hausarta da ba ta manta ba. Ta zo da akwati shida na ɓeraye ruwan ƙasa, ta ce sanyin Jos zai karɓe su. Aka ce wa mai zomaye ya taya ta.

A wata na uku ta ɗaga wani ɗan ɓera namiji ta ga marainansa sun kumbura. Da ta buɗe ta sa a madubin likita mai ƙara girman abu, ta kira Bappayo ya leƙa. Ƙari ne, amma ba irin wanda ya saba gani a jikin dabba ba. Akwai gashi a cikinsa, da guringuntsi, da tsoka, da ɗan ƙashi, duk a cakuɗe babu tsari. Ta yi masa bayani cewa akwai ƙwayoyin da aka keɓe don haihuwa, waɗanda ya kamata su jira har ɓeran ya girma kafin su yi aikinsu. A wannan ɓeran sun yi gaggawa tun yana cikin uwarsa, sun kama gina jiki a inda ba a sa su ba. Abin da take so ta sani shi ne dalili: abinci ne, ko wata cuta ce da ke yawo, ko kuwa gado ne?

Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce, "Dakta, wannan ɗan waccan ne, mai farin goshi. A haihuwarta ta fari ma akwai wanda tafiyarsa ba ta yi mini ba."

Ta duba katin kejin ta ga haka ne. Uwar 'yar ƙarama ce, ruwan ƙasa, da ɗigon fari a tsakiyar goshi. A takarda lamba aka ba ta. Suzana, wadda ke yanka da duba madubi, ta ce washegari ta ji shi yana magana da kejin ƙasa-ƙasa, ta kasa kunne ta ji yana cewa Wule.

Daga wannan uwa Dakta ta kafa gida guda, ta kuma kafa doka guda: ba a haɗa su da kowa sai junansu, wa da ƙanwa, haihuwa bayan haihuwa. Ta ce a yi musu shaida a kunne don kada su cakuɗe da sauran, ta bar masa zaɓin shaidar. Ya yi musu tsaga biyu a kunnen dama, ɗaya a hagu, shaidar shanun gidansu. Amma dokar ba ta kwanta masa ba.

"Dakta, wannan ko a dabba ba a so," in ji shi. "Jini in ya yi ta zagaye wuri ɗaya, gajiya yake yi."

"Na sani, Baba. Haka aikin yake."

Iyakar abin da ta faɗa masa ke nan, shi kuma bai ƙara tambaya ba. A ransa ya ɗauka likita ce, kuma likita warkarwa yake nema, ko ba jima ko ba daɗe za ta kawo maganin.

Shekara uku da rabi yana bin dokar, yana kuma kallon abin da ya faɗa yana tabbata. Ƙarin da a da sai an duba maza ashirin kafin a samu ɗaya, ya koma ɗaya cikin huɗu. Dakta tana murna, shi yana jin ciwo. Uwar da takan zubo tara ta koma zubo uku, wasu ma su mutu kafin su buɗe ido. A ƙarshen 1974 mata huɗu kawai suka rage masu haihuwa a duk zuriyar Wule. A daidai lokacin aka kira Dakta Ibadan ta koyar na wata shida. Ta bar masa ɗakin, ta bar wa Suzana madubi.

To a nan ne Malam Bappayo ya yi kuskuren da ba wanda zai yi shi sai makiyayi na gaske. Ya tsaya gaban kejuna huɗu yana kallon gida yana ƙarewa, abin da ya taɓa gani da idonsa, sai ya yi abin da mahaifinsa zai yi. Mahaifinsa in ya ga 'yan maruƙa sun fara fitowa da sanyin ƙafa, yakan je wata ruga mai nisa ya aro bijimi. Bappayo bai yi nisa ba, ɗakin da ke kusa ya shiga, inda ake ajiye fararen ɓeraye na wani aikin dabam. Ya zaɓo wani ƙaton namiji mai sheƙi, ya duba haƙoransa da ƙafafunsa kamar mai ciniki a kara, kasuwar shanu, ya zagaya da shi kejuna uku, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko. Mazan gidan da ya cire kuwa ya kai wa Suzana tare da waɗanda lokacin dubansu ya yi. Ta huɗun, ƙaramarsu, wadda farin goshinta ya fi na kowa fitowa, ya kai hannu zai buɗe kejinta ya fasa. Ya bar ta da ɗan'uwanta.

Aron ya yi kyau, yadda makiyayi yake auna kyau. Uwaye suka zubo goma-goma, 'ya'yan suka biyo launin iyayensu mata, don haka ido bai kama komai ba. Suka yi ƙiba, suka yi ƙarfi, ɗaki ya cika da motsi. Kulu ta ce a watannin nan ne ta ji shi yana waƙa a bayan gida, abin da rabonta da ji tun suna ruga. Suzana ta yi ta duba mazan da yake kai mata ba ta ga ƙari ko ɗaya ba. Da yake a lokacin an sauya wurin sayen masarar da ake haɗa abincinsu, sai ta rubuta haka a gefen littafi.

Dakta ta dawo a watan Yuni. Ya yi tsaye yana jiran yabo, sai ya ga fuskarta ta canza. Ta duba maza arba'in da hannunta, babu komai. Ta sa aka nemo tsohuwar masara, ta gwada, ta sake gwadawa. Kullum ta shigo ɗakin ta tsaya tana kallon lafiyayyun ɓeraye kamar an yi mata rasuwa. Shi kuma ya rasa gane kan abin, kunya ta ɗaure masa baki, yau zai faɗa, gobe zai faɗa, har wata biyu suka wuce. Ba zan ɓoye wannan ba don ina yabonsa. Shi da kansa yakan ce aron bijimin rashin sani ne, amma shirun wata biyun laifi ne.

Wata safiya a cikin Agusta, ana ta yayyafi tun asuba, Suzana ta gaya masa cewa Dakta ta rubuta takarda. Za ta sanar da waɗanda suka ɗauki nauyin aikin cewa ta yi kuskure, ƙarin ba gado ba ne, wani abu ne a cikin abinci, kuma za a rufe gidan Wule a ba da kantocin ga wani aiki. Ya ajiye kwalbar da yake wankewa. Ya je ƙofar ofishinta ya cire malafa ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba.

"Dakta, ba masarar ba ce."

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ba masarar ba ce. Bijimi na ara."

Sai da ya maimaita, ya kai ta ɗakin fararen ɓeraye ya nuna mata ƙaton, sannan ta gane. Ta koma ta zauna, ta cire tabarau ta ajiye a kan takardar. Suzana da ke bakin ƙofa ta ce ta zaci ranar za a kore shi. Da Dakta ta buɗe baki, kalma uku ta faɗa.

"Me ya sa?"

"Na ga gidan zai ƙare," in ji shi. "Na taɓa ganin gida ya ƙare."

Ba ta nemi ƙarin bayani ba, domin ta san yadda gida yake ƙarewa. Can ta ce, "Baba, ni ciwon nake kiwo, kai kuma ka je ka warkar mini da shi." Sannan ta faɗa masa abin da ya kamata ta faɗa tun shekara huɗu da suka wuce. Tana da ƙane, Emenike, wanda irin wannan ƙarin ya kashe yana da shekara ashirin da huɗu. Ba wanda ya iya gaya wa mahaifiyarsu daga ina abin ya fito. A mutum ba za ka iya jiran haihuwa ashirin ka ga yadda ciwo yake bin jini ba, amma a ɓera za ka iya. Shi ya sa ake haɗa wa da ƙanwa, don jinin ya zama iri ɗaya tas, duk abin da ya ɓuya a cikinsa ya fito fili.

"Laifina ne da ban gaya maka ba," in ji ta.

"Ni ma ban tambaya ba."

"Yanzu duk sun cakuɗe. Ta yaya zan san na gida da na baƙo?"

Ya miƙe ya ce ta biyo shi. Ya ɗauko ɓera ɗaya ya juya mata kunnensa. Ban da tsaga biyu a dama da ɗaya a hagu, akwai wani ɗan yanka a ƙasan kunnen, ƙarami ƙwarai. Ya ce haka mahaifinsa yake yi wa 'ya'yan bijimin aro, don in sun girma a ga ko aron ya yi amfani. Duk mai jinin baƙo yana da wannan yankan, ba wanda ya tsallake. Suka bi kejuna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin uwar kowa da kakarsa, tana dubawa a kati. Da suka kai ƙarshe, lissafin ya yi ɗaci. Uwaye ukun nan biyu sun mutu, ɗaya ta tsufa ta daina haihuwa. Ta huɗun ta haihu sau biyu, na farko babu rai, na biyu maza biyu da aka riga aka duba. Duk duniya tsantsar zuriyar Wule saura ita kaɗai, mai wata goma, da ɗan'uwanta, kuma rabonta da ɗaukar ciki wata biyu.

Dakta ta ce ga ɓera mai watanni haka, da wuya ta sake haihuwa. Shi kuwa ya sake tsayawa inda ya taɓa tsayawa, da uwa ɗaya tak a hannunsa.

Kai ne, Malam Bappayo, ka ɗauke kejin nan daga kusa da taga ka kai shi lungun da ɗumin murhun tafasa kwalabe yake isa. Kai ne ka hana kowa buga ƙofa, har Dakta sai da ta koyi shiga ɗakin a kan yatsun ƙafa. Kai ka zo da acca daga gida, da gyaɗa, da gwaiduwar ƙwai, ka roƙi izini kafin ka ba ta ko ƙwaya ɗaya, domin ka yi alkawarin ba za ka sake yin komai a ɗakin nan a ɓoye ba. Kai ka yanko busasshiyar ciyawa mai laushi ka ce garin katako bai isa sheƙa ba. Ranar Juma'a ka je masallaci ka dawo, ranar Lahadi da kowa yake hutu ka zo da ƙafa cikin ruwan sama. Kulu ta ce in ta tambaye ka yaya aiki, sai ka ce, "Tana ci." Iyakar labarin ke nan har mako biyar.

A mako na shida ya ɗaga ta ya ji nauyinta ya canza. Bai gaya wa kowa ba sai da ya ƙara kwana uku ya tabbata. Daga nan aka shiga ƙirgen kwanaki, ɗaki ya yi tsit kamar gidan da ake jinya. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba, ya yi shiru, sai ya ji wani ɗan siririn kuka daga lungun murhu. Suzana ta iso ta same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, malafarsa a kan gwiwa. Ta tambaye shi ko lafiya, ya ɗaga mata yatsu huɗu.

Sai da suka kwana biyu kafin ya yarda a taɓa su, shi ma sai da ya murza hannunsa da ciyawar sheƙar don kada uwar ta ji baƙon wari. Ya juya na farko, namiji. Na biyu namiji, na uku ma namiji. Dakta ta juya baya ta kalli bango. Ya ɗauki na huɗu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Dakta, juyo ki ga Wule." Uwar ba ta sake haihuwa ba. Duk ɓeran da yake gidan Wule yau daga wannan 'yar guda ya fito.

'Ya'yan bijimin aro ma ba su tafi a banza ba. Dakta ta haɗa su da junansu, sai ga ƙarin ya dawo a jikokin, jefi-jefi, alhali duk masara ɗaya suke ci. Jinin baƙo ya rufe ciwon, amma bai kashe shi ba. Da haka ta tabbatar wa kanta cewa a gidan Wule gado ne, kuma yadda ya dawo kaɗan-kaɗan ya nuna mata ba ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da shi ba, sai 'yan da yawa sun haɗu. Takan zolaye shi ta ce bijiminsa ya yi mata gwajin da ta shirya yi bayan shekara biyu. Ba ya dariya in ta faɗi haka. Yakan ce Allah ne ya rufa asiri, wannan kuma bai mai da kuskure daidai ba. Da aka buga sakamakon a wata mujallar masana, an sa sunansa a layin godiya na ƙarshe. Ba ya karanta boko, sai ya sa Suzana ta nuna masa wurin, ya ɗora yatsa a kai, ya mayar mata da takardar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shekaru huɗun da suka biyo baya. Mutumin da aka yi wa tarbiyya a kan cewa makiyayi na ƙwarai shi ne mai fitar da rauni daga garke, ya zauna yana kiwon rauni da gangan. Ya haɗa wa da ƙanwa da hannunsa, ya ɗauki 'ya'yan da ya yi rainonsu ya kai wa Suzana, ya san ba za su dawo ba. Bai taɓa cewa abin ya daina yi masa ciwo ba. Ya dai ce yanzu ya san don wa ake yi.

Ranar da zai ajiye aiki ya kira Suzana, wadda za ta karɓi ɗakin, ya tsaya a gaban kantoci ya jero mata iyayen Wule tun daga ta farko har ta ashirin da takwas, da halin kowacce. Ta ce ai duk yana cikin kati. Ya ce ya sani, amma kati ba ya cewa wacce ce ke cin 'ya'yanta in an buga ƙofa. Da suka fito tsakar gida ya tarar abokan aiki sun taru, an ɗaure wata karsana fara a jikin bishiya, sun haɗu sun sayo masa a karar Bukuru. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa wuyanta, ya duba haƙoranta. Sannan ya juya ga wanda ya kawo ta ya ce, "Wace ce uwarta?" Ba wanda ya sani. Ya ce ba komai, daga ita za a fara ƙirga.

Malam Bappayo, mun gode. Mun gode da shekara goma sha uku na sammako, da hannun da bai taɓa ɗaukar ɗan ƙaramin rai da wulaƙanci ba, da tsugunnin da ka yi a ƙofar ofis ranar da shiru ya fi sauƙi. In wata rana aka iya gaya wa wata uwa daga ina ciwon ɗanta ya fito, ba za a tuna da kai ba, amma da hannunka a ciki. Ku kuma masu karatu, musamman ku da aka damƙa wa wani ƙaramin aiki a lungun da ba mai leƙawa, ku san abin da ke hannunku yadda dattijon nan ya san nasa. In ba ku gane dalilin doka ba ku tambaya, in kun yi kuskure ku faɗa tun da sauran abin da za a ceta. Ku masu ba da umarni kuma, ku riƙa faɗin dalili.

Karsanar tana wurin ƙaninsa a ruga bayan Bukuru, yakan je ya gan ta ranar Asabar. Amma ran Alhamis har yanzu ana ganinsa a Titin Bauchi da sanda a kafaɗa. Ba ya shiga ɗakin, ya ce yanzu na Suzana ne. Yakan tsaya a bakin taga ya kasa kunne, sannan ya juya gida.

Makon jiya na je gaishe shi na tarar Kulu tana yi masa mita, wai karsana ta kusa wata guda babu suna.

"Malam, ka sa mata Wule mana, ka huta," in ji ta.

Ya girgiza kai. "Sunan da masu shi," in ji shi. "Suna raye."

Allah ya ƙara maka lafiya, Arɗo. Wannan karon gidan bai ƙare a hannunka ba.